Ruwan Baƙo da Ruwan Rami

Har yau, in aka turara kofi da ƙaron mustaka ƙanshin ya iso hancina, sai in ga kaina a tsaye a ɗakin wanke kwalabe na tsohon mustausaf ɗinmu, ɗan asibitin unguwar Tandabawi a nan Makka, hannuwana cikin kumfar sabulu. Ranar nan ba ta taɓa barin raina ba. Tun da kun dame ni da tambaya, ku sababbin shiga aikin nan, me ya sa ba na yarda a miƙo mini ruwan gwaji ta bayan labule, to ku gyara zama in ba ku labarin daga tushe.

A shekara ta biyu da fara aikina ne, cikin watan Zulƙida, 'yan shekaru bayan yaƙin Turawa na biyu ya lafa. Mustausaf ɗin ɗan ƙarami ne a lokacin. Shugabanmu likita ne Ba'indiye, dattijo marar yawan magana, kowa Hakim yake ce masa. Ƙarƙashinsa akwai katibi, Abdurrazak, haifaffen Makka, mai riƙe da takardu da zuwa aike. Ni ce ta ƙarshe. An ɗauke ni ne don ina karatu da rubutun Larabci, albarkacin mahaifina Malam Isa da malamar da ya kai ni wurinta tun ina ƙarama, ga shi kuma ina jin Hausa. Aikina in yi tafinta tsakanin Hakim da matan Takari, wato mutanenmu da suka zo daga ƙasar Hausa, in duba abin da namiji ba zai duba ba in faɗa masa, sannan in wanke kwalabe da allurai in dafa su. Wankin kwalaben nan shi na fi so. Nakan ɗaga kowace in leƙa hasken taga ta cikinta, in ga ɗakin ya lanƙwashe kamar a mafarki. Wani lokaci har baiti ya zo mini, in yi ta maimaita shi a zuci kada ya gudu kafin in koma gida.

Ku da kuka tarar famfo ya fara shiga unguwanni ba ku san abin da ake kira ruwa a garin nan ba. Ruwan sha ta magudanar dutse yake zuwa daga bayan gari, ya zuba a bazan, wato manyan tankunan da aka gina a unguwanni. Daga nan 'yan garuwa su ɗauka, garwa biyu a sanda, su bi gidaje. Mu mutanen kan dutse mu ne ƙarshen layi. In aikin hajji ya matso aka karkata ruwa zuwa Mina da Arfa, sai bazan ɗinmu ya koma ɗigo. Na ga mace ta yi wa jariri wanka da ruwan da bai cika moɗa ba, ta tare abin da ya zuba a kwano, ta yi wanke-wanke da shi.

A bayan unguwarmu, ta hanyar Nakkasa, wadda a lokacin 'yan bukkoki ne a warwatse, akwai wata tsohuwar mahaƙa inda aka fasa dutsen gini tun zamanin Turkawa. An ci cikin dutsen sosai, an yi ramuka masu zurfi da lunguna waɗanda rana ba ta leƙawa, daga baya aka watsar da wurin. Rami kawai muke ce masa. Da sanyin da ya gabaci wannan lokacin aka yi ruwan sama mai yawa, ambaliya ta gangaro ta cika shi. Da yake a inuwa yake, ruwan bai ƙafe ba. Wata da watanni yana nan kwance, baƙi ƙirin in ka leƙa daga sama, amma in ka ɗebo a tafin hannu garau yake, ga sanyi.

Wanda ya fara cewa a sha shi wani tsoho ne da ake kira Baba Inugu. A samartakarsa ya yi aikin haƙar kwal a Inugu, can ƙasarmu, kafin ya kamo hanyar gabas da ƙafa ta Cadi da Sudan. Ya ce a can ya ga ramin kwal da aka daina haƙa ya cika da ruwa, lebura suna sha, amma sai an bi da shi ta cikin yashi da gawayi tukuna. Shi da hannunsa ya gina kwami na dutse a bakin Rami, ya jera tsakuwa da yashi da gawayi a ciki, ana zuba ruwa ta sama yana tsiyaya ta ƙasa. Bai nemi lada wurin kowa ba. Unguwa ta sha, ta yi wanka, mata har suka shuka na'ana'a a gwangwani.

Da labari ya kai ofishin ruwa sai suka ga sauƙi ya zo. Suka yanke shawarar a sa Rami cikin ruwan gari a hukumance, a ba 'yan garuwa izini su kai shi har masaukan alhazai. Abu ɗaya ya rage, hatimin Hakim. Ƙa'ida kuwa gwaji biyu ne: a ɗebo daga tushe, a kuma ɗebo daga randunan gidajen da suke sha, domin ruwa yakan bar tushe lafiya ya lalace a hanya. Gwajin gaggawa da muke yi da wani magani ne, barmanganat. Ana ɗiga shi a ruwa sai ruwan ya koma ruwan hoda. In ruwan mai kyau ne launin zai zauna. In akwai ƙazanta a ciki, sai ta cinye launin, ya dushe ya koma ruwan ƙasa.

Ana gobe ranar da nake ba ku labari, Abdurrazak ya hau dutse da akwatin kwalabe. Ya ɗebo na kwami, ya bi gidaje ya kawo nasu. Hakim ya gwada a gabana. Duka suka riƙe launi, jere a kan tebur kamar furanni. Ya aika ofishin ruwa cewa su turo ɗan aike gobe bayan la'asar ya karɓi takarda.

Da safe na kwashi kwalaben zan wanke. Kowace da 'yar takarda a wuyanta, an rubuta sunan gidan da aka ɗebo. Ina buɗewa ina zubar da sauran ruwan, har na zo kan wata. Ina cire toshiyarta sai ƙanshin mustaka ya taso, mai ƙarfi, kamar na shiga ɗakin amarya. Na fara yin murmushi, don ƙanshin yana tuna mini da kakata. Sai murmushin ya tsaya.

Kun san al'adar garin nan. Ba a turara randa. Randa ta 'yan gida ce, ita yara suke ɗiba da moɗa, da ita ake girki. Abin da ake turarawa shi ne sharba, ɗan tulun nan mai dogon wuya da ake ajiyewa a taga, da kofinsa, saboda baƙo. Kuma ko gidan da aka kwana ba a ɗora tukunya ba, ruwan da ke cikin sharba na bazan ne, ko Zamzam in an samu. Babu macen da za ta ba baƙo ruwan Rami. Na duba takardar wuyan kwalbar: gidan Hansai.

Sai wasu abubuwa suka riƙa dawo mini. Watan nan mata sun rage zuwa mustausaf da yara, har Hakim yana cewa unguwa ta samu lafiya. Innata kuwa cikin makon ta hana ƙannena shan ruwa a maƙwabta, da na tambaye ta dalili sai ta canja magana.

Na goge hannu na je wurin Abdurrazak.

"Malam Abdurrazak, jiya da ka je gidajen nan, kai ka ɗebo da hannunka?"

Ya ɗago daga rubutunsa. "In faɗa kan matan mutane? Lafiyarki kuwa? Sallama na yi, na miƙa kwalba ta bayan labule, aka cika aka miƙo."

"Me ka ce musu?"

"Me zan ce? Na ce Hakim yana son ruwa."

Hakim yana jinmu daga ɗakinsa. Ya kira ni, na miƙa masa kwalbar, na yi masa bayanin sharba da randa. Ya sansana.

"Ya binti," ya ce da Larabcinsa mai karaya, "kin san abin da kike ɗauko mana? In na hana hatimi, gobe askarawa za su toshe Ramin nan da duwatsu, mutanenki ne za su kwana da ƙishi. In na buga kuma ruwan ba shi da kyau, alhazai ne za su sha, baƙin Allah. Ba zan kori ɗan aiken hukuma da ƙanshi ba. Abin da na gwada jiya shi ne a hannuna. Ki kawo mini ruwan randa kafin la'asar. In ba ki kawo ba, zan buga."

Abdurrazak ya yi tsaki. "To, hancin Safiya ya fi gilashin Hakim gani." Amma da zan fita sai ya miƙo mini lemarsa, bai dube ni ba. "Riƙe. Rana za ta kashe ki a kan dutsen nan, a ce ni ne."

Na sa kwalabe uku da na dafa a jakar tsumma, na rufa da mayafi, na kama hanya. Rana ta take tsaka. Duwatsu suna huci kamar bakin murhu, takalmina yana ɗaukar zafi har tafin ƙafa. A hanya na yi ta kauce wa 'yan garuwa suna saukowa da garewani cike, ruwa yana fantsama a ƙura.

Rami na fara zuwa. Baba Inugu yana zaune ƙarƙashin wani tsumma da ya ɗaura a sanduna, kwami yana ɗiga a gefensa, ɗis, ɗis. Wasu tsofaffin mata ne kaɗai ke jira da tulunansu. Na durƙusa na gaishe shi.

"Baba, ina kuka kai 'yan garuwa? Na gan su da yawa a hanya, nan kuwa ba kowa."

Ya shafa gemu. "Kwamin nan tsoho ne irina, 'yata. A hankali yake yi. Su kuwa yara sauri suke."

"To ina suke ɗiba?"

Ya waiwaya wajen bayan dutsen. "Akwai wata kafa ta can, da ruwa ya ja baya ta buɗe. Guga kawai za ka zura. Na yi magana har na gaji."

Na san wurin. Daidai ƙarƙashin sababbin bukkoki ne, inda mutane suka haƙa bayan gida a gangare.

"Kuma jiya kuka bari aka kai wa Hakim na kwami kaɗai?"

"Abin da aka tambaye ni shi na bayar." Ya dubi hannuwansa. Akwai wasu baƙaƙen ɗigo a fatarsu, ƙurar kwal da ta shige tun yana saurayi ba ta fita ba. "Ke ba za ki je can ba, maza ne babu riguna. Ba ni kwalba ɗaya."

Na ba shi. Na nufi gidaje.

Gidan farko na wata ƙawar innata ne. Ina sallama ta tare ni da fara'a. "Maraba da 'yar Hakim! Yau allura aka biyo mu da ita har ɗaka? Ke, ɗauko mata sharba, ga gumi nan ya jiƙa ta." Na sha, na yi godiya, na ce ina son in ɗan ɗebi na randa.

"Randa? Ayya, yau muka wanke ta. Ga ta can a kife."

A kife take kuwa, ƙasan wurin a jiƙe sharkaf. A unguwar da ake tare ruwan wankan jariri, an zubar da randa guda a ƙasa.

Gida na biyu randa a kife. Na uku ma haka. Labarina yana tsallaka katanga kafin ƙafata ta kai ƙofa. Ina jin mata suna kiran juna ta saman dangar kwano, ina jin ƙarar ruwa ana kwararawa. Kowa da fara'arta, kowa da kofinta mai ƙanshi. Ban taɓa shan ruwa mai daɗi da baƙin ciki irin na ranar ba. Inuwa kuwa ta fara fitowa daga gindin katangu, alamar azahar ta yi nisa.

Na tsallake sauran gidajen na miƙe gidan Gwaggo Hansai. Ba gwaggona ce ta jini ba, amma ita ta goya ni lokacin da innata ta yi doguwar jinya. Gyaɗa da ƙuliƙuli take sayarwa a bakin hanyar Harami. Ita kaɗai ce a gidan sai jikarta Ummi, 'yar shekara biyar, wadda uwarta ta rasu wajen haihuwarta.

Ban gama sallama ba ta fito. Ita babu fara'a, babu sharba.

"Me kika zo nema?"

"Gwaggo, ina wuni."

"Riƙe gaisuwarki. An ba ki farin ƙyalle kin ɗaura, kin zama Baturkiya, yanzu randunan iyayenki kike bi kina leƙawa? Ni da na wanke miki kashi?"

Da ƙarfi take magana, yadda duk maƙwabta za su ji. Ta tsaya tsakanina da randa. Na lura randar a tsaye take, da faifai a bakinta, gefenta yana naso. Sai na ji wani ɗan sauti daga cikin ɗaki, siriri, kamar kukan 'yar kyanwa. Ƙarƙashin ƙanshin turaren da ya cika gidan akwai wani wari da duk mai aikin nan ya sani.

"Gwaggo, ina Ummi?"

"Barci take. Ina ruwanki?"

"Gwaggo, don Allah."

Ta zuba mini ido. Sai ta juya fuu ta nufi ƙofar gida, ta ɗaga labule, ta tsaya a bakin ƙofar ta dafa wannan gefe da wancan, bayanta yana wajena.

"Jama'a, ku zo ku ga 'yar Malam Isa! Ku zo ku ga abin da karatu ya mai da ita! So take a kawo mana askar a ƙone mu!"

Na ji mata sun taru a waje, ana hayaniya, wata tana cewa a bar ta ta shiga ta fito da ni. Gwaggo ba ta matsa daga ƙofar ba, faɗa kawai take yi. Na ɗaga faifai, na nutsa kwalba har ta daina kumfa, na toshe, na cusa a jaka. Sannan na leƙa ɗaki.

Ummi tana kwance a tabarma. Yarinyar da na sani mai kumatu, mai bin ni tana cewa in yi mata waƙa, ta koma kamar ɗan tsuntsun da ya faɗo daga sheƙa. Idanu sun zurma, leɓe ya tsage, jiki zafi rau. Na duba tsumman da ke ƙarƙashinta, na ga jini da majina. Moɗar randa tana gefen kanta.

"Yaya Safiya," ta ce, "ruwa."

Na ɗauko sharba daga taga na ba ta, na kawar da moɗar nesa.

Da na zo fita, Gwaggo ta ɗan jirkita ta ba ni hanya. "Daga yau ba ni ba ke," ta ce. Matan suka dare, ba wadda ta taɓa ni, amma maganganun da na ji a bayana ba zan maimaita muku su ba.

Hanyar sauka ɗaya ce, siririya tsakanin manyan duwatsu. A nan na tarar da Malam Sale, mai unguwarmu, wanda yake tsaya mana a wurin umda, wakilin hukuma a unguwanni. Mutum ne mai mutunci, shi ya raɗa mini suna. Yana tsaye a tsakiyar hanya da sandarsa.

Na durƙusa. "Ranku ya daɗe."

"Tashi, 'yar Malam. Me ke cikin jakar?"

"Ruwa ne."

"Zubar da shi." A hankali ya faɗa, ba da faɗa ba. "Ke yarinya ce, ba ki ga karantina ba, yadda ake killace mutane in annoba ta ɓulla. Ni na gani. Na ga an zo da kananzir an cinna wa bukkoki wuta da tabarmi da komai. Na ga an ɗauki mutum a kan raƙumi an fita da shi bayan gari, iyalinsa ba su ga ko kabarinsa ba. Rabin mutanen kan dutsen nan ba su da takardar zama. In askar ya shigo neman cuta, da mutane zai fita, sai jirgin ruwa a Jidda a kore su daga ƙasar. Ciwon cikin yara kuwa kowace shekara ana yi, da Rami da babu Rami. Ki bari hajji ya wuce, mu da kanmu za mu gyara."

Babu ƙarya a abin da ya gani. Na tuna innata da ƙannena, na tuna gidanmu na kwano da katako. Na matse jakar a ƙirjina, ina jin sanyin kwalbar ta cikin tsumma.

"Ranku ya daɗe, ni aiko ni aka yi."

"Wanda ya aiko ki zai koma Indiya. Ke a nan za a binne ki."

Ya miƙo hannu. A daidai nan muka ji takun sanda a bayana. Baba Inugu ne yake gangarowa yana haki, kwalba a hannunsa a fili, bai ko ɓoye ta ba.

"Sale, ba ta hanya."

"Kai ma, Baba? Kai da ka ce mana mu sha?"

"Ni na ce a sha, shi ya sa ni zan kai. Na ce a sha ta kwami, ban ce a sha ta gindin masai ba. In ka fasa tata, ga tawa. In za ka fasa tawa, sai ka fara kayar da ni."

Malam Sale ya ja da baya ya jingina da dutse. "Allah ya sa kun san abin da kuke yi," ya ce.

Muna cikin gangara aka kira la'asar daga Harami. Baba ba ya iya sauri. Ya danƙa mini kwalbarsa ya ce in yi gaba. Na tattare mayafi na yi gudun da ban taɓa yi ba tun ina yarinya, lemar Abdurrazak a hammata.

Na tarar ɗan aiken ofishin ruwa ya riga ni, yana zaune yana shan gahawa. Takarda tana kan tebur, hatimi a gefenta. Abdurrazak ne yake ta jan mutumin da hira, yana ƙara masa gahawa, yana tambayarsa lafiyar 'yan uwansa ɗaya bayan ɗaya. Da ya gan ni sai ya sauke ajiyar zuciya.

Hakim bai tambaye ni komai ba. Ya jera gilasai uku. Na farko ya zuba sauran ruwan kwami na jiya da ban kai ga zubarwa ba, na biyu na randar Gwaggo, na uku na kafar baya. Ya ɗiga magani a kowane. Duka suka yi ruwan hoda, kyakkyawa, irin launin sama a kan duwatsu gab da magariba. Muka tsaya muna kallo. A zuciyata ban san abin da nake roƙo ba, launin ya zauna ko ya tafi.

Na uku ne ya fara dushewa, kamar ana janye masa rai. Na biyu ya bi shi. Kafin ɗan aike ya ajiye kofinsa sun koma kalar ruwan wanke-wanke. Na kwami kaɗai ya tsaya da launinsa.

Hakim ya ɗauki hatimi ya mayar aljihun tebur. "Ka gaya musu yau babu takarda. Gobe zan zo da kaina."

Da mutumin ya fita sai ya juyo gare ni. "Akwai marar lafiya a gidan?"

Maganar Malam Sale tana kunnena.

"In na faɗa, za a ƙone gidan?"

"Ba na alkawari a kan abin da ban sani ba. Faɗa mini abin da idonki ya gani."

Na rufe ido na faɗa: zazzaɓi, jini da majina, babu amai, ba irin gudawar nan mai kama da ruwan shinkafa ba. Ya yi mini tambayoyi, na amsa. Sannan ya cire tabarau ya goge.

"Atuni ne. Yana kisa, amma ba shi ne annobar da ake kai mutum karantina ba. Babu askar da zai taka gidan nan."

Sai na zauna a ƙasa a gaban shugabana, abin da ban taɓa yi ba. Ya ƙirga ƙwayoyi a takarda, ya ce a riƙa ba ta tafasasshen ruwa da ɗan gishiri, kaɗan kaɗan, kada a daina. Na san Gwaggo ba za ta karɓa daga hannuna ba. Innata ce ta kai.

An aika kwalaben babban ɗakin gwaji a Jidda, amsa ta dawo daidai da abin da muka gani. Askarawa suka zo suka gine kafar baya. Da so samu ne ofishin ruwa ya toshe Ramin gaba ɗaya, amma Hakim ya tsaya kai da fata a bar kwami, har ya samo wa Baba Inugu yashi da siminti aka ƙara wasu. Ba a kai wa alhazai ruwan ba a shekarar. Unguwa kuwa ta sha wuya. Layi tun asuba har rana ta faɗi, ruwa yana ɗiga, mutane suna tsinuwa. Ni ake tsine wa. A gidan biki in na zauna sai tabarma ta yi fili. Hancin Hakim, shi ne sunan da aka sa mini, har yanzu akwai tsofaffin da ba su san ni da wani ba. Ummi ta tashi, wasu yaran ma da aka fito da su daga ɗakuna bayan an ga ba a ƙone kowa ba. Gwaggo Hansai kuwa ta cika maganarta. In mun haɗu a hanya na gaishe ta, sai ta gyara ɗaurin tallanta ta wuce.

Abin da aikin nan ya koya mini ke nan. Mutanenmu ba mugunta ce take sa su ɓoye ba. Kunya ce da tsoro, ga kuma karamcin da ba zai bari su nuna wa baƙo abin da suke ci da sha na gaskiya ba. Muddin kana bakin ƙofa, baƙo ne kai, ruwan baƙo za a ba ka. Sai ka shiga, ka durƙusa, ka tambaya wanne yara suke sha, ka ɗiba da hannunka. Kuma ka shirya, watakila ba za a gode maka ba.

Bara Gwaggo ta rasu. Bayan an yi addu'ar bakwai sai ga Ummi a nan mustausaf, ta zama budurwa har ta fi ni tsawo. Ta kwance ƙunshi ta ajiye mini sharba da ɗan kaskon turare, ta ce Gwaggo ta bar wasiyya a ba ni. A nan ta gaya mini abin da ban sani ba duk shekarun nan. Ashe kafin Abdurrazak ya hau dutse, an bi gida gida an rantsar da mata cewa ba wadda za ta faɗa wa mutumin mustausaf maganar yara ko ta kafar baya. Gwaggo ma ta rantse. Da aka miƙo mata kwalba ta bayan labule, sai ta zuba mustaka a garwashi, ta kifa bakin kwalbar a kan hayaƙin har cikinta ya yi fari, sannan ta zuba ruwa. Ban taɓa tambayar kaina ba me ya sa cikin kwalaben nan duka, ita kaɗai ta kwana da ƙanshi.

"Ta ce ke ce mai wanke kwalabe," in ji Ummi. "Ta ce tun kina goye a bayanta, ba abin da za a ba ki ba ki kai shi hanci ba."